Asirin da Ruthanne Ta Tona wa Kanta

Odell Brumfield direban bas ne a St. Louis har ya yi ritaya, kuma tun yana saurayi salo ɗaya yake buɗe wasan darar Turawa, wato ces, da shi: ya tura sojan gaban sarki taki ɗaya, ya lafe yana jira. Hali zanen dutse. Kowa a kulob ɗinsu na 'yan dara ya san shi da wannan, balle Ruthanne Kowalczyk, tsohuwa mai gidan burodi, wadda ta yi shekara da shekaru tana lallasa shi a kan salon nan.

Da matarsa ta rasu, komai ya fita ransa. Ranar gasar bazara ya zo da allonsa a jaka, da niyyar ya bar wa kulob, ya koma gida ya rufe ƙofa. Sai aka haɗa shi da Ruthanne, ta cinye shi kamar kullum.

Ya miƙa mata hannu, ya ɗauki hularsa.

Ta ce, "Ina za ka, tsoho? Ba mu duba wasan ba."

Al'ada ce, in an tashi wasan gasa, wanda ya ci da wanda aka cinye su koma ɗakin baya su maimaita shi tun daga buɗewa. Odell bai taɓa karya al'adar ba, don haka ya bi ta yana gunaguni.

Ta jera 'ya'yan dara, suka taka har inda ya saba ja da dokinsa baya. Ta riƙe masa hannu.

"Kullum nan kake gudu kamar an biyo ka da sanda. Bar dokin nan, ka ba ni sojan in ci. To, ina sarauniyata za ta bi?"

Ya duba, ya sake dubawa. Babu hanya.

"Ke Ruthanne! Tun yaushe kika san wannan?"

"Tun kana da gashi a ka. Duk wasa gabana faɗuwa yake kada ka gani."

"To me ya sa kika tona wa kanki asiri?"

Ta harari jakarsa. "Na ga abin da ka ƙunso. Ka zo ranar Asabar ka gwada, in ka isa."

Godiya ta cika masa zuciya. Matar nan ta ba da makaminta na shekaru don kawai kada kujerarsa ta zama wayam.

Ya saɓi jakarsa ya koma da ita gida. Ranar Asabar, Ruthanne ta iso ta tarar har ya jera dara, ya saya mata kofi, yana jira.