Motata da Tudun Garinmu

Motar ƙarama ce, fara a takarda, ruwan ƙasa a ido. Na saye ta shekarar da na ajiye alli, a hannun wani mai kanti a Zango da ya rantse mini ba ta taɓa fita gari ba. Gaskiya ya faɗa, daga baya na gane dalili. A kan kwalta tana tafiya da natsuwar dattijo, amma da ta ga rairayi sai ta tsaya ta yi tunani.

Garinmu yana can bayan Durum, kuma kafin a shige shi akwai wani tudun rairayi da ba ya jin roƙo. Sau biyu na kai ta gindinsa, sau biyu na ƙarasa da ƙafa. To, da kakar wata shekara aka aiko cewa yayar mahaifiyata ta kwanta. Ciwon tsufa ne, mai tafiya a hankali amma ba ya komawa baya. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Mahaifiyar tawa kuwa, Inna, ta daɗe a wurina a Damagaram saboda ciwon ƙafa, ba ta iya taku goma ba tare da an riƙe ta ba. Na ce a ɗauki shatar babbar mota. Ta ce ba za ta shiga garin ubanta cikin motar haya kamar baƙuwa ba, alhali ga mota a ƙofar gida tana shan inuwa.

Ƙanena ne ya ɗauki maganar. Tsohon direba ne, gemunsa ya yi fari, amma har yau Auta muke ce masa. Ya zagaya motar, ya buɗe gabanta, ya yi tsaki.

"Yaya, injin nan ba lalaci ne da shi ba, numfashi ne ya yi masa kaɗan."

"Kamar ni ke nan," na ce.

"Kai naka ba ya gyaruwa."

Ya sauke injin a ƙarƙashin bishiyar bedi da ke gidana, ya baje shi a kan tabarma kamar mahauci. Ni aikina wanke ƙarafa da kananzir da ba da shawarar da ba a nema ba. Na koyar da yara shekaru da yawa cewa wuta ba ta ci sai da iska, ban taɓa ganin darasin da idona ba sai a tabarmar nan. Auta ya canja zoben fistan, ya kai kan injin aka rage shi kaɗan don matsi ya ƙaru, ya zauna yana goge hanyoyin iska har suka yi sulɓi kamar cikin ƙwarya. Ya faɗaɗa maƙogwaron karbirato, ya sa bututun hayaƙi mai faɗi. Babu wani abin hura iska irin na motocin zamani, ya ce, dole injin ya shaƙa da kansa, abin da za mu yi masa kawai shi ne mu buɗe masa hanci.

Inna tana kallonmu daga bakin ɗaki, carbi a hannu. Kullum da hantsi tambayarta ɗaya ce: "Auta, yau ne?" Shi kuma ya ce, "Saura kaɗan, Inna." Duk wanda ya yi sallama da baƙuwar murya a kwanakin nan, sai in ga hannunta ya tsaya a kan carbin.

Ranar da injin ya tashi, kajin maƙwabta suka watse. Motar da a da take tari kamar mai jin kunya ta koma ruri. Auta ya yi mini bayani cewa ƙarfinta yanzu a sama yake, sai ta yi gudu take samunsa. Dabarar ke nan: a taso wa tudun a guje tun daga nesa, kada a ɗaga ƙafa har sai an ga rufin masallaci. Muka je mu biyu muka gwada, ta haye kamar akuya. Auta ya dawo yana tuƙi da hannu ɗaya.

Washegari muka kwantar da Inna a baya tsakanin matasai, da goro da sabulu da ƙullin sukari na tsaraba. Hanya ta yi kyau, gero a tsaye dama da hagu. Da tudun ya bayyana, Auta ya gyara zama ya taka. Sai muryar Inna daga baya:

"Tsaya."

"Inna, nan ba wurin tsayawa ba ne!"

"Ubanka ne a kwance can, da uwata. A guje za ka wuce da ni kamar ɓarauniya?"

Maƙabartar garinmu a gindin tudun take, gefen hanya. Mu biyu mun wuce ta jiya da gajeriyar addu'a a baki, ba wanda ya sa ta a lissafi. Auta ya dube ni, ni kuma na dubi gero. Ya tsaya. Inna ta ɗaga hannuwa daga inda take, ta yi wa na kwance sallama, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da addu'a, har da waɗanda ban san an taɓa yi ba. Muka shafa.

"To, mu je," ta ce.

Komawa baya a sake ɗauko gudu yana nufin a sake wuce su a guje, wannan kuwa ba mai faɗa mata. Auta ya rage iskar tayoyi, ya yi bisimilla, ya taka daga tsaye. Motar ta yi ruri, ta yi rabin tudun da ƙyar, ta tona wa kanta rami ta zauna. Ya kifa goshi a kan sitiyari.

Amma rurin ya riga mu isa. Kafin in buɗe ƙofa, sai ga mutane suna gangarowa daga gonaki, lauje a hannu, sun zaci babbar mota ce ta kawo kaya. Da suka leƙa suka ga wadda ke ciki, gaisuwa ta kaure. Wani dattijo ya ce wa Auta, "Kai, duk wannan kukan na ɗan tsakon nan ne?" Suka sa kafaɗa, injin na ja suna turawa, ni ma na sa tawa don kada a ce mushe, wato malamin makaranta, bai taɓa komai ba. Haka muka hau, Inna tana amsa gaisuwa ta taga.

Mun tarar da yayarta da sauran numfashi da hankalinta. Aka kwantar da Inna kusa da ita a tabarma ɗaya. Yayar ta lalubo hannunta ta riƙe, ta ce, "Tun ɗazu nake jin ƙara, na ce wannan rashin natsuwa sai 'ya'yanki."

Auta yana bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma. Inna ta ce masa, "Je ka ba motar ruwa, ta gaji."