Ruwan da Inna ba ta roƙa ba

Yayana Isaka ɗan mai haƙar rijiya ne a Garhanga, garin da in rani ya tsananta ko jaki sai ya bi layi kafin ya sha. A nan Allah ya fitar da sojan ruwa. Daga lakwal, wato makarantar boko, ya shiga soja, aka tura shi wata ƙasa mai teku ya koyi jirgi, ya dawo aka ba shi jiragen sintiri na kogin Kwara. Shekara ashirin da takwas yana hawa, har ya zama kwamanda.

Innarmu Cima ba ta taɓa murna da galonsa, alamar muƙami da ke kafaɗarsa, ba. Tsoro kawai take ji. Duk sallah addu'arta ɗaya: Allah ya tsare Isaka daga teku da kogi.

Da daminar bara ya zo gida, ya ɗauke mu a mota ni da Inna za mu Keita a duba idonta. Da hantsi muka iso ƙorama. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, ruwan ƙoramar kuma bai wuce idon sawu ba. Amma gabas, bisa tudu, sama ta yi baƙi ƙirin. Direba ya tsaya.

Inna ta ce, "Isaka, a dakata. An yi ruwa bisa tudu, shina tahe."

Ya yi dariya. "Inna, wanga ɗan ruwa? Bari in taka in gwada muku."

Na so in ce masa galo ba ya tare ƙorama, amma wa ke gaya wa kwamanda? Ya naɗe wando ya shiga.

Yana tsakiya muka ji rugugi. Ja ne ruwan, da itace da duwatsu a ciki. Kafin in buɗe baki ya kayar da shi. Inna, da ba ta gani sosai, sai damƙata take tana cewa, "Mardiyya, ina shi? Ina shi?" Na bi ruwan da ido ina nemansa.

Can ƙasa na hango shi rungume da bagaruwa, ruwa har wuya, itacen yana rawa. Wasu manoma da ke kusa suka sheƙo da igiyar guga. Sau huɗu suna jifa tana faɗawa ruwa, ni kuwa ina kallon saiwar tana fitowa. A na biyar ya kama.

Aka jawo shi jina-jina da ƙaya, haƙoransa na kaɗawa. Mutumin da sojoji ke ƙame wa ya kasa tsayuwa. Inna ta lalubo kansa, ta shafa, ta sake shafawa, ta tabbata shi ne. Sannan ta fashe da kuka.

"Shekara ashirin da takwas ina roƙo bisa ruwan mutane," in ji ta. "Na mance da namu."