Zanen Yaya Hajara da Na Ƙone da Hannuna

Da daminar bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayata Hajara, kuma ban taɓa rubuta komai a kanta ba sai yau. Ba mantawa na yi ba. Duk sanda na ɗauki biro sai in tuna dole labarin ya biyo ta kaina, sai in ajiye.

Hajara malamar firamare ce a nan Jibiya, amma baiwarta a zane take. Daga lalle ta fara, ta koma zana wa masu ɗinki hula. Da masu binciken aikin gona suka zo yankinmu kan tsutsar da ke cinye zangarniyar gero, aka ce musu akwai malamar da za ta zana ƙuda har gashin ƙafarsa. Suka ba ta fensura da gilashin ƙara girman abu. Damina uku tana bin su gonakin Daddara da Riko, wani lokaci su tsallaka wajen Maraɗi, ta dawo da kwalabe cike da ƙwari. Ma'aikatan kan iyaka har sun saba, in sun hango ta sai su ce ga Hajiya mai tsutsa. Ni kuwa ƙyama nake yi, don a tabarmar da muke cin tuwo take baje su.

Takan yi makonni tana kiwon tsutsa guda a gwangwani, ta zana ta tana ƙarama, ta zana ta ta yi ƙiba, har ranar da za ta fito da fiffike. Da haka ta nuna wa masanan cewa ƙwari biyu da suka ba suna daban-daban, ashe abu ɗaya ne, yaro da babba. Da ɗan littafin binciken ya fito, sunayen maza huɗu ne a bangonsa. Na duba ciki da waje ban ga nata ba. Na yi ta faɗa kamar ni aka cuta, ita kuwa ta ce in manomin da bai iya karatu ba ya gane abin da ke cin hatsinsa, ya ishe ta. Amma na san ta ji ciwo, domin tun daga ranar ta bi ainihin zanen nata ɗaya bayan ɗaya tana rubuta sunanta a baya.

Abin da ya fi damunta shi ne zanen mai rai. Mun taso muna jin cewa ranar ƙiyama za a ce wa mai zane ya busa wa abin da ya zana rai. Ta tambayi malamai, wani ya ce tunda don ilimi ne babu laifi, wani ya ce ta bari. Sai ta bi dabarar da aka koya mana tun muna yara: ta ja siririn layi a wuyan kowane ƙwaro, alamar an raba kai da jiki.

Bayan sadakar arba'in ɗinta babban wanmu ya kira ni. "Layin ga bai isa ba," ya ce. "In kina sonta, ki sauke mata kayan ga." Ba mugu ba ne, tsoro yake ji mata, ni ma na ji. Na ja akwatin zanen zuwa bakin murhu. Takardar mai kauri ce, ba ta ci da sauri ba, sai da na riƙa turawa da itace.

Bara wata ɗalibar jami'a mai suna Bilkisu ta yi sallama a gidana. Tana rubutu kan matan da suka yi wa bincike aiki ba a ambace su ba. Ta ce layin nan da ta gani a zanen cikin ɗan littafin ne ya kawo ta: ta san ƙwaron ba shi da irinsa a wuya, ta kuma san wanda zai ja shi a gidan Bahaushe ya tashi. Tambaya ta kawo ta har ƙofata. Malaminta ya ce ba za a sa suna a takardar bincike kan faɗar 'yar'uwa ba, sai da shaida. Ta tambaye ni ko akwai ko da falle ɗaya. Na ce mata ni na ƙone su. Ta shanye ruwanta ta yi godiya, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Nakan yi tunanin abin da Hajara za ta ce da ta ga yau. Kowa na da waya mai ɗaukar hoton ƙwaro, ba wanda ke tambayar malami kafin ya danna. Gonakin da ta bi, wasu ba a iya zuwa saboda 'yan bindiga. Iyaka a rufe yau, a buɗe gobe. Ina jin za ta yi murna da irin su Bilkisu, sannan ta yi mata tsiyar cewa hoto ba ya zama da tsutsa sati uku. Abin da za ta ce da ni ne ban sani ba, kuma na gaji da ƙiyasi.

Abin da ya rage nata yana jikin bangon shagunan maganin feshi a kasuwa. An yi ta kwafar shafi guda na ɗan littafin har ya dushe, amma manomi daga ƙetare yakan ɗora yatsa ya ce irin wagga ce, a ba shi maganinta. Makon jiya na tsaya a shago guda na roƙi mai shi ya bar ni in rubuta sunan mai zanen a ƙasa.

"Hajiya, ai Bature ne ya zana," ya ce.

Na ce yayata ce. Ya dube ni kamar tsufa ya fara taɓa ni, ya miƙo biro, ya ce kada dai in rufe wurin farashi. Na rubuta Hajara a gefe, da baƙaƙe ƙanana. Shagunan suna da yawa, gwiwoyina kuma sun fara ƙi. Na yi uku na dawo gida.