Tambayar Barakatu

Malam Mas'ud mutumin Ƙofa ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata da ke gefen Kiru, kullum a kan tsohon babur, da alli a aljihun gaba. Ba ya duka, kuma ya iya bayani. Darasin da ya fi ji da shi a aljabara shi ne na ƙa'idar da ake ba ta lamba ta fito da wata. Yakan ce wa ɗalibai in kowace lamba da amsarta ita kaɗai, to ana iya juya ƙa'idar, a bi baya a gano lambar da aka faro da ita.

Wata Laraba jami'i mai duba makarantu ya zo ya zauna a bayan aji. Malam ya ɗan rikice. Ya rubuta ƙa'idar lamba sau kanta a allo, ya ce ita ma tana juyuwa kai tsaye.

Barakatu ta ɗaga hannu. 'Yar makiyaya ce daga wajen Falgore, ba ta cika magana ba, amma babu mai kamo ta a lissafi.

"Malam, uku sau uku tara ne. Uku mai alamar ɗebewa sau kansa shi ma tara ne. In muka juyo daga tara, wanne za mu ɗauka?"

Nan take ya gane ita ce da gaskiya. Sai ya hango jami'in yana rubutu.

"Zauna," in ji shi. "Kin fi littafi sani ne?"

Aji ya kwashe da dariya. Mako na zagayowa ya gyara kuskuren a allo, bai ambaci sunanta ba. Ya yi ta cewa a ransa gobe zai kira ta ya ba ta haƙuri, har zango ya ƙare. Da aka dawo hutu ta bar ajin kimiyya, ba ta gaya wa kowa dalili ba.

Bayan ya yi ritaya ya koma noman albasa. Ran nan a tashar Tudun Wada wata mata da goyo ta durƙusa ta gaishe shi. Barakatu ce, tana ɗinki a Doguwa. Suka gaisa, ya tambayi mutanen gida, sannan ya daure.

"Tambayar nan taki ta tara, ke ce da gaskiya."

"Na sani, Malam," ta ce a hankali. "Na ɗauka kai ne ba ka sani ba."

"Na sani tun a ranar. Ki yafe mini."

"Ba komai, Allah ya yafe mana."

Kwandasta ya kira masu Doguwa, ta gyara goyo ta shiga. Ya tsaya har motar ta fita daga tasha. Da ya isa gida matarsa Muhsina ta tambaye shi ina irin albasar da ya je saye, sai a lokacin ya tuna bai saya ba.