Akuyar da Ta Mayar da Igiya

A gidanmu na Limawa, lokacin sanyi in an idar da sallar isha, bakin murhun Iya muke tarewa. Iya kakata ce ta wajen uba, haifaffiyar cikin birnin Kano. Aure ne ya kawo ta Dutse, ƙafarta kuma ta ɗauke daga Kano tun rasuwar iyayenta. Tana tura mana gyaɗa cikin toka tana mita wai mun fi fara ci.

Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai ɗaya da ta ishe mu, don babu Gizo babu kura a ciki. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe da igiya a wuya." Mu ce, "Ta ƙaraso, Iya, ai mun san ta."

Wai wani mutum ne ya kai akuyarsa kara, kasuwar dabbobi. Dillali ya yi ta kai gwauro yana kai mari har aka sallama. Murna ta sa mutumin ya manta bai kwance igiyarsa ba, alhali kowa ya san dabba ake sayarwa ban da igiya, don arzikin garke a jikinta yake. Akuya ta ce ba da ita za a yi wannan asara ba. Ta fizge, ta kama hanyar gida don ta mayar.

A nan Iya take rage murya. Akuya ta shiga ta ƙofar ganuwa, ta bar marina a hannun dama, ta zaga kududdufi, ta bi lungun masu bugun riguna, sai ga durumi, sai zaure mai ƙofa biyu. In wani ya ce a tsallake, sai ta ce, "Kul! So kake ta ɓata?"

Na girma ina harkar dabbobi. Wata shekara zan kai raguna Kano, Iya ta kira ni, lokacin idonta ya riga ya tafi. Ta ce, "In ka sayar, ka bi mini hanyar akuyar nan, ka gano ko gidanmu yana nan." Sai ranar na gane ashe kwatancen gidan ubanta take ba mu shekara da shekaru, mu muna hamma.

Na bi. Ganuwar wajen ta zube, an jera shaguna. Marinar ta koma garejin babura, kududdufin an cike shi an ɗora bene. Wani tsoho mai faci ya nuna mini gurbin durumin. Zauren kuwa, ko wanda ya taɓa jin labarinsa ban samu ba.

A hanyar dawowa, tun daga Wudil nake shirya ƙarya. Na durƙusa na ce, "Iya, yana nan, har sabon yaɓe aka yi masa."

Ta ce, "Ƙofar ta biyu ina take kallo?"

Wannan ba ya cikin tatsuniya.

Can ta ce, "Allah sarki. To zauna in sake ba ka, ka riƙe da kyau. A bakina kaɗai unguwar ta rage."

Sau uku ta ba ni kafin azumi, ba ta kai sallah ba. Har yau hammar da muka riƙa yi tana mini ciwo. Yanzu unguwa guda nake ɗauke da ita a ka, kuma in na manta lungu ɗaya, babu wanda zan tambaya.