Wata Huɗun Da Yayana Ya Yi Yana Zuwa Bodija A Ƙafa

Zan faɗi abin yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya, don ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa a Sabo, unguwar Hausawa a nan Kudu. Yayana ya girme ni da shekara shida. Ni aka kai ni wurin tela na koyi ɗinki, har yau shi nake yi a wani ɗan shago kusa da masallaci. Shi kuwa dako ya fara a kasuwar Bodija tun gemunsa bai fito ba. Buhun albasa yake ɗauka daga bayan mota zuwa rumfa, tun sassafe har azahar. A wancan lokacin in ya zauna gaban kwanon tuwon amala da miyar ewedu, sai ya ci na mutum uku, ya tashi cikinsa a shafe. Bayarabiyar da ke sayar da abincin takan ce masa, "Kai malam, ina kake zuba shi?" Shi kuma ya ce, "A buhu, Mama."

Daga dako ya zama dillali. Daga dillanci ya zama maigida, wato mai saukar fataken albasa da ke zuwa daga Arewa. A gidansa suke kwana, a rumfarsa ake sauke kayansu, shi yake sayar musu. Ya je Makka ya dawo, aka fara kiransa Alhaji. Ya daina ɗaukar komai. Ko butar alwala miƙo masa ake yi. Aikin jiki ya tsaya, amma cin bai tsaya ba.

Akwai al'adar saukar baƙi da ta ƙara wa abin ƙarfi. In an kawo wa baƙo abinci, dole maigida ya zauna ya sa hannu a kwanon. In bai sa ba, baƙon zai koma gida ya ce an yi ƙyamarsa. To, mota uku sukan iso a rana ɗaya, kowace da lokacinta. Yayana sai ya ci abincin rana sau uku, kuma ba ya iya ɗan taɓawa ya janye hannu. Cin ɗan dako ya saba da shi.

Ni na fara gane inda aka dosa, domin ni nake masa ɗinki. Kowace sallah sai na ƙara faɗin riga. Wata shekara na zagaya tef a cikinsa, hannuwana biyu suka kasa haɗuwa, sai da na zagaya ta bayansa.

Na ce, "Yaya, yadi biyar ya daina isarka."

Ya yi dariya ya ce, "To sayo shida mana. Kai da ka bushe kamar allurarka, hassada kake yi."

Ban yi dariya ba. Ni ba mai yawan dariya ba ne, ya sani.

Bayan wannan ne matarsa ta zo shagona, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Baban yara, zo ka ji." Ta gaya mini abincin baƙi ba shi ne babbar damuwarta ba. Lemon kwalba ne da fanke. Da zarar an yi la'asar sai ya kasa zama. Ya sha kwalba biyu, ya ci fanke cike da leda, bayan magariba ya sake. Ta hana a kawo gida, sai ta tarar da kwalabe a bayan buhunan da ke zaure. Ta ce, "Rannan na same shi yana sha a tsaye, yana fuskantar bango. Da ya ji motsina ya ɓoye kwalbar cikin riga. Mutum mai jikoki."

Na tambaye shi a keɓe. Bai musa ba. Ya ce, "Ƙanena, ba yunwa ba ce. Na san yunwa, na yi dako. Wannan kira ne. Kamar wani ya tsaya a bayan kunnena yana kiran sunana, ba zai yi shiru ba sai na sha. In na sha, ya yi shiru na ɗan lokaci, ni kuma in ji kunyar kaina."

Da ƙafafunsa suka fara kumbura, na kai shi asibiti. Aka auna jini, aka ce sukari ya hau, hawan jini ma ya kama shi. Ma'aikaciyar da ta duba shi dattijuwa ce, ba ta da wasa, shi ya sa na yarda da ita. Ta ba da magani. Ta ce ya rage zaƙi. Ya ce ya gwada ya kasa. Ta ce to ya fara tafiya a ƙafa kullum, ko kaɗan ne, domin mutane da yawa in jikinsu ya motsa kwaɗayin yakan lafa musu. Ta dube ni ta ce, "Kai ne ƙanensa? Kada ka bar shi shi kaɗai."

Na koma gida na tsara abin. Da farko, tafiya bayan sallar asuba, ba fashi sai Juma'a. Na biyu, makon farko daga ƙofar masallaci zuwa gadar Mokola mu dawo. Na uku, kowane mako a ƙara nisa, har ranar da zai isa rumfarsa a Bodija da ƙafarsa. Na zaɓi hanyar kasuwa domin a ganina tafiyar da ba ta kai mutum wurin aikinsa yawo ce, ni kuma ba na son yawo.

Makon farko ya sha wuya. Kafin mu kai gadar ya tsaya sau huɗu, ya dafa bango, yana numfashi kamar injin niƙa. Ya ce, "Wallahi kashe ni za ka yi ka gaji rigunana." Na ce, "Ba za su yi mini ba. Taho." Cinyoyinsa suka goge, matarsa ta riƙa shafa masa man kaɗanya.

A mako na uku ne abin ya fara nuna kansa. Matarsa ta aiko mini cewa jiya la'asar ta wuce bai nemi lemo ba. Ba hana kansa ya yi ba, mantawa ya yi. Na tambaye shi a hanya. Ya ce, "Mai kiran yana nan, amma kamar ya koma bayan gida. Ina jinsa daga nesa. In na ce masa bari sai anjima, yakan bari." Ranar Juma'a da ba mu fita, kiran yakan matso kusa. Shi da kansa ya lura da haka, har ya ce mu riƙa ɗan zagayawa ranar ma. Na ce a'a, Juma'a hutu ce, haka aka tsara.

Ko wurin baƙi ya samu dabara. Yakan sa hannu a kwano, ya ci loma uku, ya ja su da hira har su cinye. Da can bai iya haka ba. A wata na uku muka isa Bodija. Ya zauna a bencin rumfarsa, gumi ya jiƙa rigarsa har baya, ya sha ruwa kofi biyu, ya dubi 'yan dako suna sauke kaya ya ce, "Ashe ƙafafun nan suna nan." Na rage masa faɗin riguna biyu a watan. Ban taɓa jin daɗin farke ɗinkina ba sai ranar.

Abin da ban sa a lissafina ba shi ne idon mutane. Bayan asuba ne motocin Arewa ke shigowa, kuma hanyar da na zaɓa ita kowa ke bi. 'Yan okada na unguwa sukan tsaya gabanmu su ce, "Alhaji, lafiya? Hau in kai ka, don girman Allah, ba sai ka ba da komai ba." Ya ce motsa jiki yake yi, su ce to, su tafi suna waiwaye. A Sabo ba a saba ganin maigida a ƙafa yana gumi ba. Maigida a keken haya mai ƙafa uku yake zuwa rumfa, da babbar riga, da tumbi. Tumbin nan shaida ce a wurin fatake. Mutum zai bar maka mota guda ta albasa ya koma ƙauyensa, to yana son ya ga alamar kana zaune daram.

Magana ta fara yawo. Wasu suka ce Alhaji ya karye, ko kuɗin keke ba shi da shi. Wasu suka ce dubi yadda yake ramewa, wata cuta ce yake ɓoyewa. Wani tsohon baƙonsa, wanda ya shekara goma sha yana sauka a gidansa, ya kawo kaya ya sauke a rumfar wani. Da suka haɗu ya ce, "Alhaji, ba don komai ba. Na ga kamar kana cikin wani hali, ban so in ƙara maka nauyi." Bayan mako biyu wani ma ya bi shi.

Wata ranar Talata a cikin wata na huɗu, muna dab da gadar, yayana ya tsaya. Ya ce, "Ƙanena, ina neman alfarma. Ba dainawa zan yi ba. Akwai filin makaranta can bayan unguwa, in yara sun tashi ba kowa. Mu koma can, bayan la'asar. Lokacin ne ma abin ya fi damuna. A kasuwa kuma in riƙa zuwa a keke kamar da, bakin mutane ya mutu."

Maganarsa daidai ce. Yau na san haka. Amma a ranar abin da na ji shi ne mutum yana neman hanyar zamewa. Kuma la'asar lokacin aikina ne, na saba ban tashi daga kan keken ɗinki sai magariba.

Na ce, "Yaya, an tsara abu yana aiki, ba za a taɓa shi ba. Yau ka ce fili, gobe ka ce tsakar gida, jibi ka ce kan gado."

Ya ce, "Gidana ne ke watsewa. Mutum goma sha ke ci a ƙarƙashina."

Na ce, "In ka mutu su ci a ƙarƙashin wa? Kai dai lemonka kake kewa, faɗi gaskiya."

Ban taɓa yi masa magana haka ba tun muna yara. Ya dube ni. Ya ɗaga hannu, wani mai keke ya tsaya, ya shiga. Ni na juya na koma shago.

Washegari na tsaya a ƙofar masallaci kamar kullum. Ya fito, muka gaisa, ya wuce gida. Na yi haka kwana uku, na huɗu ban tsaya ba. Na ce a raina shi ya karya tsari, shi zai zo ya same ni. Matarsa ta gaya mini daga baya cewa ya je filin shi kaɗai sau biyar ko shida. Mutum mai nauyinsa, ba abokin hira, ba mai ce masa taho. Ranar da aka yi ruwan sama bai je ba, daga nan bai sake zuwa ba.

Kiran ya dawo, kuma da ƙarfin da ya fi na da. Baƙinsa suka dawo su ma, da suka ga ya koma keke ya mayar da jiki. Suka ce Alhamdu lillahi, Alhaji ya warware. Da sallah ta zo ya aiko mini da yadi shida, ba tare da ya zo awo ba. Na ɗinka da tsohon awonsa na aika. Muna gaisawa a masallaci, muna zama tare a wurin suna da jana'iza, amma maganar tafiya ba wanda ya sake tayar da ita. Kusan shekara muka yi a haka. Sau da yawa na yi niyyar rufe shago da la'asar in je in ce masa tashi mu je filin. Kullum sai in ce bari in gama wannan rigar.

A rumfarsa ya faɗi, wata safiya, ana cikin sauke kaya. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Na kwana shida ina jinyarsa a asibiti, ni nake juya shi, ni nake ba shi kunu da cokali. Likita ya ja mana kunne cewa ko ɗigon zaƙi kada a ba shi.

A rana ta huɗu, da la'asar, matarsa ta fita alwala. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya. Maganarsa ba ta fita sosai, sai da na kai kunnena bakinsa.

Ya ce, "Yana kira."

Na ce, "Na sani, Yaya."

Ya ce, "Rabin kwalba. Kada ka gaya mata."

Akwai mai sayarwa a bakin ƙofar asibitin, ina hango firjinta ta taga. Na ce, "Likita ya hana. In ka warke, mu koma tafiya, a inda kake so, a lokacin da kake so." Wannan ne karo na farko da na faɗa masa haka. Ya saki hannuna, ya juya fuskarsa wajen bango. Na ba shi ruwa, ya ƙi buɗe baki.

Bayan kwana biyu ya rasu, da hantsi. Ba mu sake wata magana mai tsawo ba tsakanin nan.

Mutane sun ce na yi ƙoƙari, na riƙe zumunci. Matarsa ma ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Ni dai na san abu biyu ya roƙe ni a rayuwarsa, komawa fili da rabin kwalba, duka biyun na ce a'a. Na farkon na tabbata kuskure na yi. Na biyun har yau ban sani ba.