Lambar da ta wuce da awa guda

Shekarar da fari ya cinye gonaki, ina aiki a wani biro, wato ofis, kusa da unguwar Maourey, inda muke riƙe sunayen magidantan da za a raba wa hatsi. Ni ne mai kula da rumbun bayanai, kuma ni ɗin, da yatsana, na goge sunayen wani ƙauye kakaf ina tsammanin maimaici ne. Da yammar ranar sojoji suka karɓi mulki, aka rufe biro, kowa ya kama gabansa.

Ban gane ɓarnar ba sai da muka dawo, rana ta biyar. Takardun asali kuwa an bar su can arewa.

Na'urar rumbun tana ba kowane canji lamba, bi da bi. In ka samu lambar da ke gab da kuskure, sai ta nuno maka sunayen yadda suke. Lambar kuma da lokaci ake nemo ta: ka ba ta rana da awa. Sai dai kwana biyar kacal take riƙe wannan haɗin, na baya yana zubewa minti bayan minti.

Na tambayi sakatariyarmu, wata dattijuwa, ko ta tuna lokacin da na yi gogewar.

"Ɗana, ana kiran azahar kake ta ƙwanƙwasa. Na ce ka tashi, ka ce saura kaɗan."

Na sa ƙarfe ɗaya, na samu lamba, na duba. Wayam, babu sunayen. Na ja baya da minti goma, wayam. Gumi ya jiƙe mini riga, ina ta zagin na'ura kamar ita ta yi laifin. Tsoro ya hana ni tsallakawa can baya gaba ɗaya, sai na dinga ja kaɗan-kaɗan kamar mai cinikin akuya. Can na lura agogonta yana bayan namu da awa guda, haka wanda ya girka ta ya bar shi. Na sa sha biyu. Na'urar ta ce ba ta san wannan lokacin ba, ya riga ya zube.

Shef, shugaban biron, ya leƙo ya ce kamiyo, motar hatsin, ba zai jira ba. Na roƙe shi har da durƙusawa, ni da ake wa kirari da girman kai. Ya miƙo mini takarda.

"Rubuta waɗanda ka tuna."

Na rufe ido, na yi ta tono. Sunaye goma sha tara suka zo, wasu ma rabi. Da su aka yi lodi. Har yau ban san su wa na manta ba.